Kyandirorin Gwaggo Saveta

Constanța, farkon watan Yuni

Gwaggo Saveta,

Ina sumbatar hannunki. Ni da Baba muna gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da saniyarki da gwiwar nan taki da ke riga kowa sanin ruwa zai sauko. Mu nan lafiya lau, sai zafin bakin teku. Baba yana ci, yana barci, yana faɗa da rediyo. Zuciyar ce dai kamar yadda kika sani, likita ya ce a riƙa lallaɓa ta.

Ki nemi wuri ki zauna, ga magana. Muna nan tafe wurinki, amma ba a jirgin ƙasa ba. Na sayi ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya, a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya shigo da shi daga Jamus. Akwai gado biyu a ciki, da tebur mai naɗewa, da murhun gas, har da labule mai furanni. Baba ya zagaye shi yana ƙwanƙwasa duk inda aka yi walda, ya ce, "Ba laifi. Amma da ni na yi, da har jikanki sai ya gada."

Shawarar tasa ce. Ya ce jirgin ƙasa yana wuce ƙofar kowa bai ƙwanƙwasa ba, shi kuwa akwai mutanen da yake so ya gani da idonsa tun yana iyawa. Za mu fara da Stelian, abokin waldarsa, a Brăila, sai dangin marigayiya Mama a Buzău da Brașov, mu ratsa ƙasar gida-gida har mu sauka a ƙofarki kafin a gama yankan ciyawa. Zumunta a ƙafa take, Gwaggo, tamu dai a taya.

Na san abin da za ki ce, to ki huta. Shekara da shekaru ina tuƙa bas cike da mashaya da 'yan kasuwa a garin nan, ko madubi ban taɓa gogewa ba. Tsoho ɗaya da ɗaki ɗaya ba za su gagare ni ba. Magungunansa suna jakata. Taba kuwa na yi maganinta: na kwashe ashana da laita kaf, har abin kunna taba na jikin mota na zare na jefa a teku, yana kallo yana ƙunƙuni.

Tunda kunnenki ba ya shiri da tarhon gidan waya, ki aiko amsa gidan Stelian, za mu tarar da ita a can.

'Yarki,
Otilia

Poiana, tsakiyar Yuni

Otilia 'yata,

Na ga takardarki. Lafiyata ƙalau, saniya ta haihu, gwiwa tana nan da halinta. Ki gaishe da Stelian da matarsa Aurica, tunda a hannunsu wannan za ta sauka.

Na zauna kamar yadda kika ce, na karanta, na miƙe, na sake zama. Ashe hauka ma gadonsa ake yi? Mutumin da likita ya ce a lallaɓa, shi za ki ja tudu da gangare da akurkin kaji a bayanku? Me jirgin ƙasa ya yi muku? Ku shiga yau, gobe ya gan ni na gan shi. Ni na goya ƙanena Gavril, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, na kwana biyu ban sa shi a ido ba, yanzu kuma sai an gama raba shi wa duniya sannan a kawo mini ragowa.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Ke 'yar birni ce, bari in tuna miki. Ubanmu a daji ya mutu, gungumen icce ya danne shi, ba kowa kusa. Ya cika babu kyandir a hannunsa. Wanda ya tafi babu haske, lalube yake yi a duhu a can, kowa ya san wannan. Uwarmu har ta koma ga Allah tana kunna masa kyandir a coci tana kuka, tana cewa ko dai ya ga hanya. Ina da wayo lokacin, Gavril ma yana da wayo. Ba zan yarda a maimaita wannan a gidanmu ba.

A gida, in abu ya taso, ga maƙwabta, ga fitila tana ci a gaban hoton Maryamu, ga kyandir a kusa. A bakin titi fa, wa gare ki? To tunda kun ƙi ji, ki sayi kyandir na coci, na kakin zuma, ki ajiye inda hannunki zai kai ko idonki a rufe. Ba fata nake masa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki gaya wa wannan tsohon mai taurin kai ya sa hula in kun hau dutse.

Gwaggonki,
Saveta

Brașov, ƙarshen Yuni

Gwaggo,

Ina sumbatar hannunki. Barka da haihuwar saniya. Muna lafiya, Baba har ƙiba ya yi, sai da na ƙara masa huda a bel.

Da ma kin gan shi a Brăila! Idon Stelian ya yi rauni, amma yana jin muryar Baba a ƙofa ya ce, "Wane ne, ɓarawon da ya gudu da gudumata?" Baba ya ce, "Guduma tawa ce, makaho, matar taka ma ni na fara gani." Suka rungume juna suna kuka kamar yara, Aurica tana zaginsu su duka tana zuba miyar kifi. Ni kaina sai da na share ido. Ko nan muka juya gida, tafiya ta yi kyau.

Maganar kyandir: ban saya ba, kuma ba zan saya ba. Ni mai rai na ɗauko. Amma ashe kin riga ni! Muna barin Brăila na ɗaga katifa, sai ga kyandir naɗe cikin tawul. A Buzău, Inna Didina, 'yar'uwar Mama, ta rungume ni ta zura mini wani a aljihu tana ɗaga mini gira. A nan Brașov har biyu aka ba ni, wai ko ɗaya zai karye. Gwaggo, gida nawa kika rubuta wa? Aljihun teburin ya cika, da ƙyar yake rufuwa.

Kuma kada ki ɗauka bai sani ba. Ya je neman cokali ya ci karo da su. Na ce shi ke nan, yau ransa zai ɓaci. Sai ya kama dariya har da tari, ya ce, "Yaya ta buɗe mana shago." Can ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce, "Rubuta mata. Ki ce na yi mata alkawari ba zan tafi a duhu ba. Ta kwantar da hankalinta." To ga saƙo na isar.

Damuwarmu ɗaya ce, kaya. Kowane gida sai an loda mana kwalaben jam, da cuku, da kitsen alade, da barasar gida, țuică, wai ki ɗan kurɓa don gwiwa. Mota nishi take yi a hawa. Tun da muka fito ko ruwan shayi ba a bar ni na dafa ba, shi ya sa na sauke tukunyar gas na bar wa ɗan Inna Didina, ya fi ni buƙatarta. Daga nan sai Sibiu, sannan mu bi ta duwatsun Apuseni, Baba yana so ya ga inda ya yi aikin soja. Ki rubuto Sibiu, gidan yaron da ya tsaya wa a baftisma. Ki sa ranmu, muna nan tafe.

'Yarki,
Otilia

Poiana, farkon Yuli

Otilia,

Lafiya lau nake, na gode Allah da kuke lafiya. Ciyawa ta isa yanka, maza sun fara wasa lauje.

Gida nawa na rubuta wa? Duk wanda nake da adireshinsa, kuma ko gezau. Mai kai wasiƙu har tambayata ya yi ko zaɓe na tsaya. Ku yi ta dariya, ba ta rage ni da komai.

Alkawarinsa kuwa na karɓa. Gavril maƙaryaci ne a kan taba da girman kifin da ya kama, amma bai taɓa yi mini alkawari ya saɓa ba. Ranar da zai tafi bakin teku yana saurayi, takalmi ɗaya gare shi, ya ce zai aiko mini da keken ɗinki. Na yi masa dariya. Ga keken nan har yau a gindin taga. Wannan maganar tasa ta sanyaya mini rai, ki gaya masa.

Tukunyar gas kin kyauta da kika sauke, ko banza ba za ku tashi sama ba. Amma Apuseni kuma na mene ne? Me ya manta a can? Ku biyo titin kwalta kamar mutane. Na yi wa ɗaki farar ƙasa, na shanya barguna. A cikin gida zai kwana, a kan gadon da aka haife shi. Akurkin naku ma iya zuba masara a ciki.

Gwaggonki,
Saveta

(a bayan kati mai hoton dutse)

Gwaggo, muna asibiti. Abin ya same shi a kan dutse. Ga kyandirori cike da aljihun tebur, ban iya kunna ko ɗaya ba. Ki yafe mini. Zan rubuto.

Otilia

Poiana, tsakiyar Yuli

Otilia,

Yau babu gaisuwa. Wace irin takarda ce wannan?

Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na miƙa wa mai kai wasiƙu ya karanta mini, ko idona ne. Yana gamawa ya cire hula. Kafin yamma ƙauye ya cika mini gida, mata har sun fara tambayar inda na ajiye garin alkama na abincin makoki. Mai buga ƙararrawar coci ya zo wai ko ya buga ta mutuwa. Na ce in ya taɓa igiyar nan sai na karya masa hannu.

Ba ki ce ya mutu ba. Ba ki ce yana da rai ba. "Ki yafe mini" ɗin na mene ne? Kuma tun daga katin nan shiru, kullum ina bakin ƙofa kamar mai tallar da ba a saya. Idan ya tafi a duhu kamar ubanmu, ki gaya mini kai tsaye, ni ba yarinya ba ce. Tsoro nake ji, Otilia. Tun mutuwar mijina ban ji irinsa ba. Amma zuciyata ta ƙi yarda, don ya yi mini alkawari.

Mai kai wasiƙu ya duba hatimin katin ya ce asibiti ɗaya ne a garin, can na aika wannan. Duk wanda ta faɗa hannunsa, don girman Allah ya nemi matar nan mai akurki a bayan mota ya ba ta.

Saveta

Daga asibiti, ƙarshen Yuli

Gwaggo,

Yana da rai! Yana zaune, yanzu haka gardama yake da nas a kan gishiri. Ina sumbatar hannunki sau dubu. Katin nan na rubuta shi ne lokacin da suka shiga da shi suka rufe ƙofa, ni kaina ban san amsar ba. Bayan nan kuma ban bar gefen gadonsa ba, kaina ya ɗauke. Da aka kawo mini takardarki na ji kunya kamar in nutse.

Ga yadda aka yi. Da rana tsaka muka bar kwalta muka hau wata hanyar daji neman barikinsa na da. Babu komai a wurin sai ciyawa da tushen katanga. Ya sauka yana nuna mini inda ake dafa musu wake, yana dariya. Sai na ga ya zauna a matakin ɗaki, fuska ta yi toka, gumi yana zuba, hannu a ƙirji. Na sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Ba sauƙi. Leɓɓansa suka canja launi.

Gwaggo, ni ɗin nan da na ce ba zan taɓa kyandir ba, ban san lokacin da na fizgi aljihun tebur ba. Suka zube a ƙasa. Na danƙa masa ɗaya a hannu, na juya neman wuta. Ina ashana? Babu. Laita babu. Na ruga mota, sai rami a inda abin kunna taba yake. Na murɗa murhu, yana ƙyas-ƙyas, ba gas. Dangi kaf sun ba da kyandir, ba wanda ya tuna da ashana, ni kuwa da hannuna na kwashe su. Har duwatsu na ɗauka ina bugawa kamar mahaukaciya, ina kuka ina kiran sunanki.

Sai ya buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Otilia, ina wutar?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Wa ya jefa ta a teku?"

"Ni ce."

Ya ce, "To madalla. Ba wuta, ba tafiya. Na yi wa Yaya alkawari. Bar kukan nan ki ta da mota."

Ina kokawar kwance ɗakin daga jikin mota sai ga babbar motar katako tana saukowa. Na tare ta. Direban wani ƙato, taba a baki, yana ganin kyandir a hannun Baba ya yi alamar gicciye ya zaro laita. Abin da na gama haukan nema ga shi a gabana, har na miƙa hannu. Baba ya cusa kyandir a hammata. Da ƙyar murya take fita ya ce, "Ɗan nan, ka ƙyasta abin nan sai na tashi na mare ka. Tabar ma yar da ita. Ɗauke ni." Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Baba ya kori taba ba sai ranar.

Mutumin ya sungume shi ya kwantar a kujerar bayan motarmu, ya hau tasa ya shiga gaba yana buga ham yana buɗe mana hanya. Ni kuwa na sauko dutsen nan da tuƙin da ba zan so ki gani ba. Duk kwanar da muka sha ina jin Baba a baya yana cewa, "Ba wuta. Ba wuta." Kyandir ɗin bai sake shi ba har gadon asibiti, sai da likita ya ɓamɓare masa yatsu. Ya lanƙwashe, shatin yatsunsa ya fito a jiki.

Likita ya ce ya ƙara hutawa, sannan mu tafi a hankali. Direban nan ya sauko mana da ɗakin, kwalba ɗaya ce kawai ta fashe. Ziyara ta ƙare, daga nan sai ƙofarki. Zan kawo miki shi da ƙafarsa, ki rubuta ki ajiye. Ya ce in gaya miki ki sallami mai ƙararrawa.

'Yarki,
Otilia

Poiana, tsakiyar Satumba

Otilia 'yata,

Na ji kin isa Constanța lafiya kin koma kan bas ɗinki, Allah ya tsare. Ni lafiya lau, ɗan maraƙi ya fara cin ciyawa, gwiwa ta ce ruwa na tafe. Țuicar da kika kawo tana taimakawa, ba sai kin gaya wa kowa ba.

Ubanki yana nan, ya ishe ni. Gadon da na gyara masa har yau bai kwanta a kai ba, yana can cikin akurkinsa gindin bishiyar tuffa, wai ya fi iska. Tsofaffin ƙauye kullum suna ciki suna karta, sai ka ce majalisa. Na haƙura. Masara ta samu wani wuri.

Ran Asabar muka kwashi kyandirorin nan muka je maƙabarta. Ya yi ta hutawa a hanya, amma ya kai. Na ɗebo wuta a coci, muka jera su kaf a kan kabarin ubanmu, na Aurica, na Didina, na kowa da kowa. Gavril ya cire hula ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "To Baba, in yanzu ma ba ka ga hanya ba, laifin idonka ne." Na kai masa duka a kafaɗa, muka yi kuka mu biyu. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda tun ina budurwa nake ɗauke da shi.

Lanƙwasasshen nan kaɗai ya hana a kunna. Yana ƙarƙashin matashinsa.

Yanzu bari in gaya miki abin da na yi bayan tafiyarki, kuma ban nemi ra'ayinki ba. Gidan nan babu ashana. Na kwashe su na kai gidan maƙwabciyata Anuța. Girki ma can nake yi, in ɗauko a kwano. Fitilar gaban hoton Maryamu na kai mata riƙo. Limamin coci ya zo ya yi mini faɗa, ya ce Allah ba a yi masa wayo. Na ce na sani, ni ba Allah nake wa wayo ba, ƙanena nake riƙewa da maganar bakinsa. Sanyi yana zuwa, dole wata rana a hura murhu, wannan ma na sani. Mu kai can tukuna.

Kullum da safe yana buɗe ƙofar akurki ya leƙo da gashinsa a tsaye ya ce, "Yaya, akwai wuta?" In ce, "Babu." Ya ce, "To yau ma ina nan. Kawo madara."

Ki zo da Kirsimeti, ki taho da safa mai kauri. Kuma ki kwantar da hankalinki, ban haukace ba. Ashana ɗaya na bari, da ɗan ɓallen kwalinta, tana cikin ƙullin ɗankwalina, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Kada ki gaya masa.

Gwaggonki,
Saveta